2.4 Sharhi a kan Ra'ayin Wall Game da Lalurar Yoyon Fitsari

Daga cikin ayyukan da suka shafi wannan nazari akwai maƙalar L. Lewis Wall (1998) a kan mutuwar mata wajen haihuwa da raunukan da take bar musu a ƙasar Hausa. Marubucin ya san yankin, domin a ƙasar Malumfashi ya yi binciken da ya haifar da littafinsa kan magungunan Hausawa (1988). Ya danganta matsalar da kulle da auren wuri da rashin karatun mata da yankan gishiri, sannan ya ambaci ƙarancin kayan aiki a asibitoci da taɓarɓarewar tattalin arziki.

Babu shakka aikin ya yi armashi wajen nuna yadda doguwar naƙuda ke jawo yoyon fitsari. Kan jariri yakan daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Daga nan sai ƙyama ta biyo baya, wata ma a sake ta.

Sai dai wannan bincike na ganin akwai giɓi. Na farko, marubucin ya ɗora wa kulle da addini nauyi mai yawa, alhali a Ƙaramar Hukumar Kafur akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci waɗanda matansu ke noma, ba su cikin kulle. Da an kwatanta su da maƙwabtansu Musulmi, da an gane ko al'ada ce ta fi tasiri ko nisan asibiti da talauci. Na biyu, bai zurfafa ba kan yadda ake karɓar baƙauyiya idan ta isa asibiti. Wadda aka yi wa tsawa ko aka toshe hanci a gabanta da wuya ta koma.

Alal misali, binciken Harrison (1985) kan haihuwa 22,774 a Zariya ya nuna cewa waɗanda ba su je awo ba su suka fi mutuwa. Haka kuma tun da Dakta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga, Katsina, a 1984, mata suka riƙa tururuwa daga ƙauyuka. Wannan ya nuna al'ada ba ta hana mace neman magani inda ta tabbata za a mutunta ta. Wannan giɓi ne babi na uku zai yi ƙoƙarin cikewa.