Gashi Har Gadon Baya: Wa Marubutanmu Ke Siffantawa?

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Hausa, ko na takarda da ake kawo mana daga Kano, ko waɗanda yanzu ake turawa shafi-shafi a WhatsApp, ya san yadda ake shigo da tauraruwar labari. Fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka. Sai a zo kan gashi, nan ne marubuci ke gyara zama: baƙi wuluk, mai santsi, mai sheƙi, ya kwanta har gadon baya. A wani littafin ma sai ya sauka ƙugu. Daga nan ba za a yi nisa ba sai iska ko tsautsayi ya zame mata ɗankwali a gaban saurayi, gashin ya zubo, shi kuma ya sandare a tsaye. In kin karanta littafi goma, da wuya ki rasa wannan fage a bakwai.

To, a zagaya gidajenmu na Sabo ranar da ake kitson Sallah, a dubi kawunan 'ya'yanmu. Nawa ne ke da irin wannan gashi? Abin da Allah ya ba mafi yawanmu gashi ne mai cika, mai nannaɗewa, wanda in ya sha ruwa yake tsukewa ya koma rabin tsawonsa, in an taje shi kuma sama yake yi, ba ya kwanciya. Shi ne gashin marubuciyar kanta, shi ne na masu karatunta. Amma ba shi ne na tauraruwa ba.

Marubutan sun san da wannan, shi ya sa suke yin wata dabara da ke ba ni dariya. Kafin a ba yarinya gashin, sai an nemo mata dangi. Kakarta ta wajen uwa Shuwa ce daga Maiduguri, ko mahaifiyarta Bafulatanar Adamawa ce, ko kuma babanta ya auro Balarabiya lokacin da yake karatu a Misira. Wato sai an ɗebo jini daga waje kafin Bahaushiya ta cancanci a so ta. Shi kuwa gashi irin namu, in ya samu shiga littafi, a kan wa ake ɗora shi? Kan 'yar aiki, kan muguwar kishiya, kan 'yar ƙauyen da aka kawo birni. A nan kalmomin sukan canza: cukurkuɗaɗɗe, guntu, ya yi datti, mataji ba ya shiga. Ba a taɓa siffanta shi a wanke, a shafe da mai, an yi masa kitso mai kyau. Kullum sai a ranar da ya fi muni ake nuna shi.

Fagen da ya fi ci mini rai shi ne na gyaran 'yar ƙauye. An kawo marainiya gidan masu kuɗi, Hajiya ta tausaya mata ta sa a kai ta salun. A wanke kan, a sa man miƙar da gashi, a busar. Ta fito gashi na lilo, kowa ya riƙe baki, wata ta ce ashe gashi gare ta. A lura da maganar nan da kyau. Wai ashe gashi gare ta. To da can mene ne a kanta? Abin da littafin ke koya wa yarinya mai shekara goma sha huɗu da ke karatu a ɓoye cikin bargo shi ne, gashinta bai zama gashi ba sai an miƙar da shi.

Wani zai ce ai mu matanmu rufe kai suke yi, wa ma zai gani? Ai nan ne abin ya fi zafi. A wajen maƙwabtanmu Yarbawa da sauran mutanen kudu, rigimar gashi a fili take: ofis, makaranta, coci, titi. Mu tamu a cikin gida take, a wajen mutanen da ba ka iya guje musu. Miji ne, kishiya ce, dangin ango ne da ke ɗaga mayafin amarya suna ƙare mata kallo, matan biki ne da ke cire ɗankwali a ɗakin uwar gida ana gwada kai. Shi ya sa man miƙar da gashi ya shige cikin gyaran amarya tare da dilka da lalle, kamar dama can yana ciki. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Malamanmu sun daɗe suna hani ga ƙarin gashi, abin da muke kira gashin doki, saboda hadisin da ya zo a kansa. Maƙwabciyarki in tana son dogon gashi mai santsi sai ta sayo ta ɗora, nata na ƙasa yana kitse lafiya lau. Ke da ba za ki ɗora ba, hanyar da ta rage miki ita ce ki zuba wa naki sinadari. Ka ga kenan mafarkin da littafi ya sayar, fatar kanmu ce ke biyan kuɗinsa kai tsaye.

Ba zan ɗora wa Turawa laifin wannan ba, ko da yake shi ne mafi sauƙi. Yabon gashin Fulani tsohon abu ne a wajen Bahaushe, ya riga zuwan Bature. Sai dai a tuna Bafulatanar da ake yabo kitso take yi, da tsabar kuɗi da duwatsu a jiki, ba sakin gashi take yi yana yawo ba. Sakakken gashin nan da iska ke kaɗawa daga fim ɗin Indiya ya zo mana, wanda aka shafe shekaru aru-aru ana kallo a silimun Arewa tun kafin a haifi Kannywood. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980, ya ɗauki soyayyar Indiya, ya ɗauki rawa da waƙa a cikin furanni, ya haɗa har da gashin. Finafinai suka biyo baya da nasu salon: an rufe kai saboda hukumar tace finafinai, amma an ja ɗankwalin baya kaɗan, an kwantar da gashin goshi ya yi luf, don dai a san me ke ciki.

Yanzu a duba abin da man nan ke yi, don da yawanmu muna shafa wa yara ba mu taɓa tambaya ba. Gashi mai nannaɗewa daga ramin da ya lanƙwashe yake tsirowa, shi ya sa yake fitowa a murɗe. Man miƙarwa aikinsa shi ne ya karya ƙullin da ke riƙe da wannan murɗa a cikin silin gashi. Mai ƙarfin cikinsu da soda ake yin sa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, mai cin hannu. Zafin da yarinya ke ji tana kuka ana ce mata ta daure ya kusa nuna, ƙuna ce ta gaske, ɓawon da ke fitowa bayan kwana biyu kuwa gyambo ne. Silin da aka karya ba ya komawa yadda yake. Gashi kuma yana tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, sabon tsiron ya fito a murɗe, inda ya haɗu da miƙaƙƙen nan ne yake tsinkewa. Dole bayan wata biyu a koma a sake. Da haka mai gashi cike da kai take wayar gari da ɗan siririn abu ja-ja wanda ko kalaba ba ya riƙewa, sai ta ce ai haihuwa ce ta cinye mata.

Akwai abin da ya fi wannan. A shekarar 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000 da ta yi na kimanin shekara 11. Ta gano cewa matan da ke amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, kusan 4 cikin 100 ake hasashen za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70, waɗanda ba sa amfani da shi kuwa ba su kai 2 cikin 100 ba. Masu binciken alaƙa suka ce sun gani, ba su yanke cewa man ne kai tsaye ke haddasa cutar ba. Amma wadda ke sakewa duk bayan wata biyu, sau shida kenan a shekara. Mu kuma tun yarinya tana shekara biyar ake fara mata, wai don kan ya yi laushi makitsiya ta ji daɗin kamawa.

Abin takaici, a nan garin da muke zaune aka yi mutumin da ya nuna abin da mai fasaha zai iya yi in ya tsaya ya kalli gashin baƙar mace da idon basira. Sunansa J. D. Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto, haifaffen 1930 daga yankin da yanzu yake jihar Edo. A Ibadan ya fara aiki, a ɗakin wanke hoto na ma'aikatar yaɗa labarai, daga baya ya koma gidan talabijin, kafin ya tafi Legas. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, a titi, a ofis, a wajen biki, har ya tara kusan hoto 1,000. Yawancinsu baƙi da fari ne, kuma daga baya yake ɗauka, ba fuska, kai kawai da wuya. In kin ga hotunan sai kin riƙe baki. Akwai wanda aka naɗe da zare aka tayar sama kamar bene, Yarbawa na kiransa Onile Gogoro, wato mai dogon gini. Akwai masu kama da kwando, da rawani, da gada. An baje su a babban bikin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Abin lura, ko ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine ba zai tsaya a kan gashi mai santsi ba. Taurin nan da muke ƙorafi a kai shi ne ke riƙe da su.

Haka Chimamanda Adichie, a littafinta Americanah na 2013, ta zaunar da tauraruwarta a shagon kitso a Amurka, daga kan kujerar nan aka warware rabin labarin, har da lokacin da man miƙarwa ya ƙona mata kai saboda neman aiki. Mu fa? Muna da makitsiya a kowane lungu, matar da ke shiga gidan kowa, ta san wadda aka saka da wadda ke shirin yaji, kan amarya da na uwar gida duk a cinyarta suke kwanciya. Muna da tsifa, inda uwa da 'ya ke zama awa guda ba mai iya tashi, maganar da ba a iya yi ido da ido sai a yi ta a nan, tunda ɗaya ta ba ɗaya baya. Muna da kishiyoyin da in sun shirya ake gane wa don ɗaya ta yi wa ɗaya kitso. Muna da mai takaba da ke barin ado, da ranar da ta fita aka zauna aka yi mata sabon kitso. Wannan duk kayan labari ne zube a tsakar gida, marubutanmu suna tsallake shi su tafi neman kaka Balarabiya. Ni a ganina wannan kasala ce kafin ta zama komai. Gashi har gadon baya ba ya buƙatar a kalli kowa, kwafa ake yi daga littafin da ya gabata.

Kada a ce na wanke kitso tas. Kitson da aka ja har gira ta ɗaga, yarinya ta kwana biyu ba ta iya sa kai a filo, shi ma yana cinye gaban goshi, kuma in ya daɗe yana ci ba ya dawowa. Iyaye mata, in kun ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso, an ja da yawa, a sassauta. Sannan yayin barin gashi yadda Allah ya yi shi da ya taso a Legas, wanda na ji daɗinsa, ya zo da nasa kasuwancin: robobi biyar-shida na mai da sabulu, kowanne da tsadarsa. Iyayenmu da man shanu da man kaɗanya da kibiya suka yi abinsu, ba su san yana da suna ba. Abin da suka sani shi ne ba a taje shi a bushe, ba a barin sa a tsefe ya kwana. Ko garin chebe da man karkar da ake kawo mana daga Chadi, matan can shafawa suke yi su kitse su bar shi, tsawon yana zuwa ne don gashin ya daina karyewa. Amma a saurari yadda ake tallarsa a nan: wai wata uku gashinki zai kai gadon baya. An dawo gidan jiya.

Zaman Sabo ya ba mu abin da 'yan uwanmu na Arewa ba su samu kamar mu ba. Shuku da muke yi sunansa ma daga bakin Yarbawa muka karɓa, kalaba kuwa sunan garin Kalaba ne. 'Ya'yanmu suna zama gaban makitsiyar Bayarabiya yau, gobe gaban ta Hausa, sun san hannun kowacce. Yaran unguwar nan da suka fara rubuta labari a waya, kuma na san suna da yawa, su ne suka fi kowa damar ba mu tauraruwa mai shuku. Doka kuwa, kitson da kakanninmu suka zo da shi daga Arewa, wanda ake tayar da shi a tsakiyar kai kamar tudu, yanzu sai a tsofaffin hotuna. Tsofaffin da suka iya shi ba su ƙare ba tukuna, suna nan a cikin gidaje, ba wanda ya tambaye su.