Kanwa Uwar Gami: Inda Ƙarfin Tabar Shaƙa Yake

A Gagarawa Tasha, daura da layin dogon da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, akwai wani dattijo da nakan zauna wurinsa idan na je gida. Battarsa ta fata ce, ta yi baƙi ƙirin don shan hannu. Wata rana wani direba ya kawo masa tsarabar ɗan gwangwani daga Agadas, ya ce ta Larabawan arewa ce. Tsohon ya tsakuro da yatsu biyu, ya kai wa hancin dama, ya kai wa na hagu, idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, “Baba, yaya ka ji ta?”

Ya ce, “Ɗan nan, tana da kai. Amma ba ta fi tamu ba, sun dai fi mu iya niƙa.”

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ya faɗi gaskiyar da ta fi yadda ya zata. Abin da mutanen Tunisiya ke kira naffa, na Maroko su ce nafha, ’yan Aljeriya kuma su ce shamma, ’yar’uwar anwurunmu ce ta jini. Gari ne mai laushi ƙwarai, busasshe, launinsa tsakanin kore-kore da ruwan ƙasa. Ƙamshinsa na ganye ne da toka, ba ya ɓuya a bayan turare kamar yawancin tabar shaƙar Turawa. Tana bugun hanci nan take, ta hau kai, wanda bai saba ba ya yi ta atishawa, jiri ya ɗebe shi. A Aljeriya ma sau da yawa a ƙarƙashin leɓe ake ajiye shamma, kamar yadda wasu tsofaffinmu ke yi da garin taba.

Zumuncin tsoho ne. Marubutan tarihin Maroko sun ruwaito cewa a ƙarshen shekarun 1590 wasu baƙaƙen mutane da suka kai wa Sarki Ahmad al-Mansur giwa daga ƙasar Sudan ta wancan zamani, wato Afirka ta Yamma, su ne suka shiga da taba garinsa. Shehin malamin Tumbutu, Ahmad Baba, yana Maroko lokacin da gardamar halaccinta ta tashi, kuma ya ba da fatawar cewa ba haramun ba ce. Wasu malaman sun saɓa masa, Tijjaniyya kuwa ta hana almajiranta ita baki ɗaya.

Haɗin kansa ba shi da yawa: ganye, da abin gami. A ɓangaren ganye, akwai irin da masana ke kira Nicotiana rustica, gajere mai kaurin ganye, wanda nikotin ɗinsa kan kai kashi 9 cikin 100, alhali ganyen sigari yana tsakanin kashi 1 zuwa 3. Da shi ake yin naffar gargajiya ta Tunisiya, da shi kuma ake yin tumbak na Sudan. To amma ganye kaɗai ba ya kawo wannan bugun da tsohon nan ya kira “kai”. A nan ne abin gami ke shigowa: toka, ko farar ƙasa, ko kanwa.

Duk matar da ta taɓa miyar yakuwa ta san aikin kanwa, tsami take kashewa. Aikin da take yi ke nan a cikin batta. Nikotin da ke cikin ganye yana ɗaure da tsami, kuma muddin yana ɗaure, da ƙyar yake ratsa fatar cikin hanci. Kanwa ce ke kwance shi. Masana suna auna wannan da ma’aunin pH: idan gari yana kan 7, kusan kashi 1 cikin 10 na nikotin ne sakakke, a kan 8, rabi, a kan 9, kusan 9 cikin 10. Ganye ɗaya, turmi ɗaya, amma ɗan ƙarin kanwar da bai cika tafin hannu ba, sai ya ninka abin da ke shiga jini. Wanda ya fara yi wa kanwa kirari da uwar gami ya san abin da yake faɗa.

Mu kuwa mutanen ƙasar Gumel, kanwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya yada zango a Gumel a watan Maris na 1851, ya rubuta cewa nan ce babbar kasuwar kanwar da ake ɗaukowa daga Kukawa da Muniyo zuwa ƙasar Nupe. Shi ne kuma ya sayi tabar Katsina a 1853 don ya san darajarta har a Tumbutu. Ganye daga yamma, gami daga gabas, mu a tsakiya. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ƙarfin tabar Larabawa wani sirri ne na ƙetare ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da ƙarfi ya zama ma’aunin kyau. Mai saye ba ya tambayar komai sai “Tana da ƙarfi?” Mai haɗi kuma ya san hanya mafi araha ta amsa masa, wato ya ƙara kanwa. Ba ya awo, hannu ne ma’auninsa, don haka ƙullin yau daban da na mako mai zuwa. Sannan ga imanin cewa magani ce ta mura, ta ciwon kai, ta haƙori. Gaskiya ne atishawa na kawo sauƙi na ɗan lokaci. Amma ciwon kan da ke tafiya da zarar an shaƙa, sau da yawa rashin shaƙar ne ya kawo shi. Nikotin yana tsananta bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini, cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa tabar da ba a kunnawa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Rashin hayaƙi ya sa ba ma ganin laifinta. Dattijon da zai kori ɗansa a kan sigari yakan aiki jikansa sayo masa anwuru.

Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma wajabta gargaɗi a jikin kwali. Ita tabar batta ba ta da kwali. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari a ƙullin leda ake miƙa ta, ba suna, ba rubutu.

Gwangwanin Agadas ya ƙare a cikin kwana goma. Tsohon ya wanke shi, ya zuba tasa ta gida a ciki, ya ce murfinsa ya fi riƙe ƙarfi.