Kujerar Wanka Mai Kishingiɗa: Wannan Ita Ce Kujera!

Jama'a, ku bar ni in yi santi. Duk wanda ya taɓa yi wa mai raunin ƙwaƙwalwa wanka, ko hatsarin babur ne ya jawo ko jini ne ya zuba a ka, ya san cewa kujerar roba ta gidan biki ba abokiyar tafiya ba ce. Mutum ɓarin jikinsa ya shanye, gadon bayansa ba ya tsayuwa, kansa na rinjaya gefe, ga sabulu, ga santsi, ga mai jinya da hannu biyu kacal. Shi ya sa nake mutuwar son kujerar nan mai kishingiɗa, wadda ake ɗinka wa majinyaci daidai jikinsa kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya sa almakashi. Kai, Allah ya yi wa masu ƙera ta albarka!

Kishingiɗar nan ita ce sarauniyar abin. Ba majingini kaɗai ke kwantawa ba, a'a, mazauni da majingini da matakin ƙafa duk tare suke juyawa baya, ƙugu na nan a lanƙwashe yadda yake. Ku da kuka san aikin kun gane inda daɗin yake. In majingini kaɗai aka kwantar, ƙugu ya buɗe, mutum ya fara zamewa gaba, fatar mazaunai ta goge, wani ma jijiyoyinsa su sandare ya miƙe sambal kamar zai fice daga kujerar. Amma in aka kishingiɗar da kujerar gaba ɗaya, nauyin jikinsa ne da kansa ke mayar da shi ciki, ya zauna daram, kai ya samu wurin hutawa, mai jiri ya samu sauƙi, mai jinya kuma ya wanke gashi ba tare da ya tokare mutum da gwiwa ba. Hannu ɗaya, ka matsa liba, shi ke nan.

Ni dai 'yar gaban goshina ita ce ta kamfanin Raz Design na Toronto a Kanada. Kyakkyawa, ƙaƙƙarfa, mai ƙarfen da ba ya tsatsa, mai mazauni lallausa wanda ake iya matsar da shi gaba ko baya har sai ramin tsakiya ya dace da ƙasusuwan zama na mai ita. Wannan dabarar suna kiranta IPAS, kuma wallahi wanda ya taɓa jinyar gyambon zama ba zai raina ta ba. Na san akwai 'yan Etac na Suwidin a cikinku, da masu rantsuwa da Aquatec ta Invacare. Ba faɗa. Kowa da gwaninsa.

Sai kayan haɗi, inda nake rasa bakin magana. Matokaran haƙarƙari masu buɗewa gefe, su riƙe mai rinjaya sannan su kauce lokacin sauka. Madogarar hannu mai ɗagewa sama, don a zamo da mutum daga gado ta gefe ba tare da an ɗauke shi cak ba. Faffaɗan kwamin da ake kwantar da shanyayyen hannu a ciki, domin hannun da aka bari yana lilo yakan janyo kafaɗa ta goce, kuma zafin wannan ba a magana. Bel na ƙugu, wanda shi ne asali, tunda ɗamarar ƙirji ita kaɗai hatsari ce, mutum na iya zamewa ta hau masa wuya. Maɗaurin dunduniya ga ƙafar da ke karkarwa. Har ramin mazaunin ana iya buɗe bakinsa ta ɓangaren hannun da ke aiki, mutum ya yi tsarkinsa da kansa. Wannan kam duk wanda ya yi tunaninsa ya san darajar sutura.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da ido ba ya kamawa. Wanda ya ji rauni a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan manta da duk abin da ke hagunsa, har da hannunsa, sai a naɗa wa birkin hagu tef mai launi mai ƙarfi don ido ya faɗa kai. Wanda likitoci suka cire masa wani yanki na ƙoƙon kai saboda kumburi, dole a karkatar da matashin kai kada ya danna wurin. Kuma mai murmurewa ba ya tsayawa wuri ɗaya! Bana yana buƙatar matashin kai da matokarai, baɗi wuya ya yi ƙarfi, masu fisiyo da masu koyar da ayyukan yau da kullum su ce a kwance wannan, a cire wancan. Da sifana ɗaya ake rage mata kaya. Ina ƙaunar wannan ƙwarai.

In kuwa ta kamfani ta gaza, akwai gwanayena na Remap a Birtaniya, ƙungiyar injiniyoyi 'yan sa-kai da Pat Johnson ya kafa a 1964, bayan ya yi wa 'yar'uwarsa mai shan inna gyare-gyare a gida. Su zo, su auna, su koma gareji su ƙera abin da babu shi a kasuwa, kuma kyauta.

To, ga ƙorafi. Tsada! Kafin a yi odarta, a biya kuɗin jirgi da kwastan, an sayar da fili. Ga ƙananan tayoyin nan da aka yi domin tayil mai santsi, ko kaɗan ba sa shiri da dakalin bakin banɗakunanmu, ga ƙofa ƙarama, ga tsawon kujerar na ƙaruwa in ta kishingiɗa. An kuma ƙera ta ne ta hau kan masai na zama, mai na tsugunno sai ya koma ga fo ɗin da ke ƙarƙashinta. Wanka da bokiti da moɗa kuwa tana karɓarsa lafiya lau, sai dai a riƙa taɓa ruwan da hannu tukuna, domin ɓarin da ya shanye ba lallai ya ji zafi ba.

Ni kuma idona na kan masu waldar Kano da ke ƙera wa masu shan inna kekuna masu taya uku. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan. A haɗa su da masu fisiyo na asibitin Dala, a ba su ƙarfe marar tsatsa da soson da ba ya shan ruwa, ni ne na farko a layi.