Fuskar Yaro a Idon Kyamara: Tarken Wani Hoto Daga Birnin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Sai dai akwai ganin da kan rufe kunne, har mai kallo ya ɗauka ya san labarin da ba a gaya masa ba. Wannan maƙala za ta yi tarken wani hoto da ɗalibina ya ɗauka a kusa da Kasuwar Wunti cikin birnin Bauchi, ya kawo mini yana neman shawarar yadda zai gyara shi. Za a auna hoton da ma'aunan da aka saba auna ƙagaggen labari da su, wato jigo da zubi da tsari da matsayin tauraro, domin hoto ma labari yake bayarwa.

2.0 Abin da ke Cikin Hoton

Almajiri ne ɗan kimanin shekara takwas, riƙe da ƙoƙon roba, rigarsa ta yage a kafaɗa. Mai hoton yana tsaye, yaron ya ɗaga kai yana dubansa. An matse fagen hoton ta yadda ba a ganin komai sai fuska da ƙoƙo, bayansa kuwa an dusashe shi. Ta fuskar gwaninta hoton ya yi kyau: hasken la'asar ya sauka a kuncin yaron, hazon hunturu ya tausasa launi. Duk wanda ya gani sai ya ce wayyo.

Wannan "wayyo" ita ce matsalar. Tausayi ya zo da sauri, kuma da sauri zai wuce, don hoton bai bar wa mai kallo wata tambaya ba. Ba mu san daga wane gari aka kawo yaron ba, ba mu san inda ya kai a karatu ba, ba mu san wanda yake kwana a zaurensa ba. An tsame shi daga Bauchi, ana iya cewa a Kano ne ko a Maraɗi, ba wanda zai musa. Hoton da matafiyi ya ɗauka don shaida, in ya rasa wuri, ya rasa rabin shaidarsa.

3.0 Darasi Daga Hotunan Duniya

Wannan ba laifin ɗalibi kaɗai ba ne, tsohuwar hanya ya bi. Hotunan yaran da yunwa ta kama a lokacin yaƙin basasar Nijeriya, musamman daga 1968, sun girgiza Turai da Amurka, sun jawo agaji mai yawa, amma sun kuma kafa wata siffa ta yaron Afirka wadda har yau ba ta gushe ba. A 1984 Steve McCurry ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan, mujallar National Geographic ta sa ta a bangonta a 1985. Duniya ta san idanunta, amma ba a san sunanta Sharbat Gula ba sai a 2002.

Misali mafi zafi shi ne hoton Kevin Carter na 1993 a Ayod, kudancin Sudan na wancan lokaci: yaro ya durƙushe don yunwa, ungulu na bayansa. Jaridar New York Times ta buga shi, ya ci kyautar Pulitzer a 1994, a shekarar kuma Carter ya kashe kansa. Mutane sun ɗauka yarinya ce, sun kuma ɗauka ta mutu nan take. Sai a 2011 binciken jaridar El Mundo ta Sifen ya nuna namiji ne mai suna Kong Nyong, kuma ya tsira daga wannan yunwa. Fagen hoton ya nuna ungulu, ya bar cibiyar rabon abinci da ke kusa. Susan Sontag ta yi gargaɗi tun 1977 cewa yawan ganin irin waɗannan hotuna na iya kashe zuciya, sa'an nan a 2003 ta sassauta ra'ayinta, ta karkata ga cewa hoto yana tayar da hankali amma fahimta sai da bayani.

4.0 Ma'auni Daga Gida: Shaihu Umar

Ba sai mun je nesa neman ma'auni ba. Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin wannan birni, ya rubuta Shaihu Umar a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Jigonsa wahalar yaro ne: an sace Umar yana ƙarami, ya ƙetare Hamada a hannun Balarabe Abdulkarim, mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa. Abin lura shi ne zubin littafin. Umar ne da bakinsa yake ba ɗalibansa labarin a Rauta, bayan ya zama shaihin malami. Marubucin ya ba yaron suna da uwa da gari da makoma, ya kuma ba shi murya. Saboda haka mai karatu ba ya tsayawa ga tausayi, yakan wuce zuwa tambayar wace irin al'umma ce ke sayar da 'ya'yanta. A hoton ɗalibina kuwa ƙoƙo ne tauraro, yaron mariƙinsa ne kawai.

5.0 Hanyoyin Gyara

Na farko, mai hoto ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da na yaron. Hoton da aka ɗauka daga sama yana sa mai kallo a matsayin mai ba da sadaka. Na biyu, ya ja da baya ya faɗaɗa fage, a ga rumfunan kasuwa, a ga 'yan'uwansa, a ga mai abincin da ke zuba masa. Na uku, ya jinkirta. Yaron da ya yi bara da rana shi ne mai wanke allo da asuba, shi ne mai karatu a gaban wuta da dare, shi ne mai buga ƙwallon tsumma. Hoto uku a jere sun fi guda ɗaya faɗin gaskiya. Na huɗu, ya rubuta bayani a ƙarƙashi: wuri da lokaci da abin da ke faruwa, ba tare da tona abin da zai cutar da yaron ba.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne izini. A yi sallama ga malamin tsangaya ko mahaifi, a tambayi yaron kansa, a nuna masa hoton. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta tanadi kare sirrin yaro da mutuncinsa. Kafin ita ma muna da kunya da kara. A zamanin da hoto kan bar waya ya zaga duniya cikin daƙiƙa, yaron zai girma, ya yi aure, ya haihu, hoton yana nan yana riƙe da ƙoƙo.

6.0 Kammalawa

Wannan tarke bai ce a ɓoye halin da almajirai ke ciki ba, domin ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Abin da ya nuna shi ne gyaran hoton yaro ba a haske ko launi ya tsaya ba, yana ga dawo wa yaron da wurinsa da labarinsa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Shawarar da na ba ɗalibina ke nan: kafin ka danna, tambayi kanka ko za ka yarda a rataye wannan hoto a bango in da ƙanenka ne a ciki. Ya koma Wunti ya nemi yaron.