Gwanin da ke Karanta Hayaƙin Injin

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direban da ke lodin tumatir da albasa a gonakin rani na madatsar Watari da ke Bagwai, ya bi ta Bichi ya sauke a 'Yankaba, ya daina ɗaukar shan mai da wasa. Duk fetur ɗin da ya fita ta salansa bai ƙone ba, ribar ranar ce ta bi iska. Shi ya sa bakaniken da ya iya daidaita mai da iska ya zama abin nema, kuma ya cancanci a yaba masa.

Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. In ya yi kaɗan, sai zafi ya hau har bawul ko fistin ya ƙone. Kanikawan zamanin kafireta da ido suke gane wannan. Su kwance fulogi su dubi bakinsa: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi ƙirin mai ya yi yawa, fari fat injin na jin ƙishi. Har gobe wannan ilimi na aiki a kan babura da injinan ban ruwa.

Motar zamani kuwa sensar iskar oksijin aka ɗaura mata a jikin salansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo ta fara sa ta a motocinta a 1976. Irin ta farko tana lilo ne tsakanin bolt 0.1 da 0.9, iyakarta ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba ta faɗin da nawa. Mai faɗin awo, irin su Bosch LSU 4.9, ita ce ke ba da adadi. Da ita gwani ke ganin cewa motar da ta ɗauki kaya aka take ta ya kamata ta sauko wajen 12.5 zuwa 13, domin ɗan ƙarin man nan shi ke rage wa injin zafi.

To, sensa ɗaya za a sa ko biyu? Gwani ba ya amsawa sai ya buɗe bonet. Golf da Corolla galibi silinda huɗu ne a jere, hayaƙinsu duka bututu ɗaya yake bi, don haka wajen auna mai da iska sensa ɗaya ta wadatar, ta biyun ɓarnar kuɗi ce. Amma Sienna da Accord masu V6 gefe biyu gare su, kowanne da silinda uku da bututunsa. In aka sa sensa ɗaya a inda bututun suka haɗe, gefe guda na iya zama 13.5, ɗayan 15.9, allo ya nuna kusan 14.7, a ce komai daidai. Kamar manomin da ya auna ruwa a bakin babbar hanyar ruwa ya tafi gida, alhali fangali ɗaya ya cika ya tumbatsa, na kusa da shi ya bushe.

Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ke sa wa kowane gefe tasa. A Ƙofar Ruwa, in aka jona kwamfuta ta fito da P0171 ita kaɗai, gwani ya san gefen farko ne ke ƙarancin mai, sai ya nufi nozul ɗin da ya toshe ko gasket mai shan iska a wannan ɓangaren. In ta zo tare da P0174, ya san cutar ta haɗa gefen biyu, sai ya koma kan famfon mai, ko ma'aunin iskar da ƙurar hunturu ta rufe. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da dabara: a yi waldar mazauni a kowane bututu, a auna wannan, a toshe shi da noti, a koma wancan. Aiki ya fi daɗewa, kuma ba za a ga gefen biyu a lokaci guda ba, amma ya fi dogaro da tsaka-tsakin da ke ɓoye cuta.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwani ba ya gaskata allo kai-tsaye. Yana ɗaura sensa kafin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya karkata ta sama da akalla digiri 10 don kada raɓar cikin bututu ta kwanta a kanta ta fasa ta. Yana bin salansa yana neman huda, domin iskar da ta shiga ta nan za ta sa sensa ta ce mai ya yi kaɗan alhali ƙarya ne. Haka fulogin da ba ya kama wuta: iskar da ba ta ƙone ba ita sensa ke gani. Wanda bai sani ba sai ya ƙara mai, ya ƙara asara.

Mai mota, in fitilar gargaɗi ta kama, kada ka yarda a cire maka ƙwanta ko a yanke wayar sensa. Ka nemi wanda zai gaya maka wane gefe ne ke ciwo, da dalilinsa, kuma ka biya shi hakkinsa ba tare da ƙyashi ba. Iyayenmu na Bagwai masu kai yara koyon kanikanci kuma, a bar su su haɗa da karatu, domin yau sufana kaɗai ba ta gyara mota.