Ƙarfen Da: Nazarin Yabon da Ake Yi wa Fijo 504

Duk inda dattawa suka zauna aka ɗauko hirar motocin da, ba a jimawa sai wani ya ce, "Ai wannan ƙarfe ne, ba irin gwangwanin yanzu ba." Sauran su gyaɗa kai, a shiga wani zancen. Na ji wannan magana a majalisar ƙofar gida, na ji ta a gareji, na ji ta har a zaman makoki, kuma kusan kullum Fijo 504 ake nufi. A wannan maƙala ina son in ɗauki yabon in yi masa irin nazarin da muke yi wa kirarin sarauta: me ya faɗa, me ya bari, kuma ko ya dace da wanda ake yi wa. Ra'ayina shi ne bai dace ba, kuma kuskuren da ke cikinsa ya jawo mana asara.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar harhaɗa Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Turawa sun daina ƙera motar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, don haka ta shiga ofis. Doguwarta mai layi uku na kujeru ta shiga tasha. A-kori-kurarta ta shiga kasuwar ƙauye. Da wuya a sami wata mota da babban sakatare da mai safarar albasa suka yi tarayya a kanta kamar wannan.

To, mene ne aibin kiranta ƙarfe? Aibi na farko, maganar ta ginu ne a kan rashin fahimtar abin da ake kushewa. Motar yau da ake kira gwangwani da gangan aka yi gabanta da bayanta su lotse in an yi karo, domin jikin motar ya shanye bugun, kada ya isa ga ƙirjin direba. Motar da ta fito daga haɗari ba ta lotse sosai ba, sau da yawa mutanen cikinta ne suka lotse a madadinta. Wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna a wancan zamani ya san gawarwakin da aka ciro daga dogayen Fijo na haya, waɗanda aka cika fiye da ƙima, aka kuma taka su fiye da hankali. Mai yabon ƙarfe ba ya kawo wannan a hirarsa. Kirari dama haka yake: yana ambaton yaƙin da aka ci, ba ya ƙirga waɗanda ba su dawo ba.

Aibi na biyu shi ne ya fi damuna. Abin da ya sa 504 ta zauna da hanyoyinmu taushi ne. Sifirin ɗinta da shokazobanta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, saboda haka in taya ta faɗa rami sai ta bi ramin ta dawo, jikin motar bai sani ba sai kaɗan. Furofelarta, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, tana kwance cikin wani bututu da ke kare ta daga ƙura da tsakuwa. Doguwar kuwa an ba ta sifirin bibbiyu a kowane gefe na baya domin kaya. Kujerunta ma masu laushi ne, irin waɗanda mutum ke nutsewa a ciki. Da wannan hali ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, a hanyoyin da ke karya motocin da suka fi ta gudu. Mota ce mai haƙuri, mai sunkuya wa hanya. Wanda ya kira ta ƙarfe ya yi kamar ɗalibin da aka ba waƙar lallashi ya ce jigonta jarumta.

Akwai kuma wani hali nata da ban taɓa jin an yi wa kirari ba, wato sauƙin karantuwa. In an buɗe bonet, komai a fili yake: ga kabureta, ga filogi huɗu, ga lagireto, ga bel, kowanne da sararin da hannu zai shiga. Bakaniken da bai yi boko ba yana kasa kunne ya gaya maka inda ciwon yake. Yaron gareji yana kwance kabureta a kan buhu, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Abin da ya lalace ana samunsa a Panteka ko Ƙofar Ruwa, abin da ba a samu ba a ƙera. Motar yau sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi damuwarta, kuma ba da harshen da tsohon bakanike ke ji take faɗa ba. Saboda haka daɗewar da ake jingina wa ƙarfen Fijo, rabinta aikin hannun dubban makanikai ne da masu gyaran jiki da masu walda. Yabon ƙarfe ya ƙwace musu wannan lada ya miƙa wa ƙarfe, wanda shi kansa tsatsa tana cinsa kamar kowane ƙarfe.

Ban da haka, yabon bai taɓa kallon motar ba. Kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da surarta. A duba fitilunta na gaba masu kusurwa huɗu da ba su daidaita ba, waɗanda suka ba ta fuska mai kamar ana ɗaga gira. A duba but ɗinta, yadda ya miƙe sannan ya karye ya gangara, abin da ya sa ko cikin ƙura aka hango ta daga baya ba a ɗaukarta wata. Wannan karyewa ta raba kan masu sharhi tun farko, ni kuwa ina ganin ita ce sa hannun mai zanen. Mun zauna da wannan sura shekara da shekaru, amma ba mu da kalma ɗaya a kanta.

Kada a ɗauka ina cewa Turawa sun fi mu karanta ta. Masu tara tsofaffin motoci a can sun fi kwaɗayin 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar buhun gero ba. Suna goge su, su kai baje koli, su mayar cikin rumfa. Wannan ma rabin karatu ne, domin ya ɗauki sura ya zubar da aiki. Sai dai rabin karatunsu ya bar musu abin nunawa: a Sochaux, garin masana'antar, akwai gidan tarihin Fijo tun 1988. Namu rabin karatun kuwa cewa ya yi wannan abu ba ya mutuwa, kuma abin da aka yarda ba ya mutuwa ba a adana shi. Motar babban sakatare ta koma tasi, tasi ta koma ɗaukar itace, daga nan sai 'yan gwangwan. Tsohuwar motar da na san an killace mana da mutunci ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke gidan tarihi na ƙasa a Legas. Ita ma don jinin da aka zubar a cikinta aka ajiye ta.

Ina da hannu a irin wannan asara, shi ya sa nake magana da zafi. Kawuna malamin makaranta ne, ya sayi farar 504 da bashin mota na ma'aikata, a zamanin da albashin malami ke iya ɗaukar irin wannan bashi. (Ina zargin rabin begen da ake yi wa motar, begen wancan albashi ne.) A cikinta aka kai amare, a cikinta aka kai mahaifiyata asibiti daren da aka haifi ƙanwata. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da aka zo rabon gado ni aka wakilta in sayar. Na kira tsohon bakanikensa ya duba. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, ba ta mutu ba. Ka ba ni wata biyu da kuɗin batir da taya, za ta kai ka Zariya."

Na ce, "Baba, magada suna jira."

Bai ƙara cewa komai ba. Washegari masu sayen ƙarfe suka zo da kura da guduma da abin yanka. Ba su tambayi shekarar ƙira ba, ba su kunna inji ba. Suka fasa ta gida-gida, suka ɗora a sikeli, suka biya ni da kilo. Babbansu, yana ƙirga kuɗin, ya ɗaga ƙofar direba ya jinjina nauyinta, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka ga ƙarfen da."