Carey da Dorothy: Inda Littattafanmu Suka Yi Shiru

Littattafan tarihin mishan da muke koyarwa suna yabon William Carey, wanda ya tafi Indiya a 1793, ya fassara Sabon Alkawari zuwa harshen Bengali. Yabon ya dace. Amma matarsa Dorothy, wadda ta bi shi ba da son ranta ba, a gurguje ake ambatonta, kamar wata cikas. Ɗansu Peter ya rasu a 1794, hankalinta ya gushe, ba ta warke ba har mutuwarta a 1807.

Shirun nan yana koya wa ɗalibanmu cewa ana iya sadaukar da iyali saboda hidima, alhali Bulus ya sa kula da gida cikin sharuɗɗan shugabanci (1 Timoti 3). Kafin ikkilisiya ta aiki mai bishara ƙetare, sai mu zauna da matarsa, mu ji ta bakinta.